Ƙugiyar da ta cinye katin Kawu

Har yau akwai mutum 19 cikin dangi da abokan arziki da suke ganin an raina su, kuma ta hannuna abin ya biyo.

Da kakar 2017 ne. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai, sai kawuna da ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Ungogo ya tsayar da ranar ɗaurin auren 'yarsa ta fari. Katin gayyatar da ya buga bai isa ba, goro da alewa kuma ba za su kai ga na nesa ba. Ya aika aka kira ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan, ya ce in tura wa sauran jama'a saƙo ta waya. Mutum 60 ya lissafa. Shafin saƙo a lokacin naira 4 ne, farashin da hukumar sadarwa ta NCC ta ƙayyade tun 2013, kuma mutumin da ya shekara arba'in yana ciniki da kwanon awo ba ya ɓatan lissafi. Naira 240 ke nan. Ya sa katin 500, ya ce ragowar ta kiran masu rumfa da kujeru ce.

Wayarsa irin ƙaramar nan ce mai tocila, maɓallanta duk sun goge. Sai na zare layinsa na sa a tawa babba. Na rubuta gayyatar da Hausar da aka koya mana a aji, ɗaurin aure da ɗ ɗinsa, ƙarfe goma da ƙ ɗinsa, har ina yaba wa kaina. Na ƙirga, haruffa 152 ne har da tazara, kuma kowa ya san sai an kai 160 shafi ke cika. Na zaɓi sunaye gaba ɗaya, na danna, na mayar masa da layinsa, aka kawo fura.

Bayan biki da kwana biyu ƙorafi ya fara isowa. Wani da suka yi makarantar allo tare ya aiko cewa ya gode da aka manta da shi. Wata gwaggo a Bachirawa ta ce ita dai ta san rashi ne ya ja mata. Da muka zauna a zaure muka jera sunayen masu fushi, sai wani abu ya fito fili: babu Abdu, babu Bala, babu Garba. Daga su Sule ne zuwa su Uwani da Yakubu da Zubairu, wato wutsiyar jerin sunayen da ke cikin layin. Kawu ya duba kuɗin wayarsa, ya ga saura naira 8.

Naira 492 ta tafi a kan mutum 41. Kowane saƙo ya ci naira 12, sannan kuɗi ya ƙare, sauran suka maƙale ba wanda ya lura.

Ni aka fara tuhuma. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma na san irin kallon da ake yi wa yaron da aka ba kati ya ɓuya da shi bayan rumbu. Bayana sai kamfanin layin, wanda dama ba ya rasa laifi a bakin mutane. Kawu ya ce ɓarayin zaune ne, ba tun yau ba. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda lissafin ya fita ras. Sha biyu, sha biyu, sau 41, ba ƙari ba ragi. Ɓarawo ba ya sata da tsari haka. Wannan awo ne, kuma duk inda aka ga awo akwai wanda ya sassaƙa mudun.

Sai bayan shekara biyu na samu bakin zaren. Ina zaune a rumfar wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ina jiran ya canja min gilashi, na ba shi labarin don a yi dariya. Bai yi ba. Ya jawo wata waya ya buɗe wurin rubuta saƙo, ya nuna min 'yan lambobin nan na lungu masu ƙirga abin da ya rage. Ya rubuta "kasa". Saura 156. Ya goge k ya sa ƙ. Saura 66. Harafi ɗaya aka canja, gurbi 90 ya ɓace. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Wannan ƙahon naku shi ke cin kuɗin." Na tambaye shi dalili, ya ɗaga kafaɗa ya ce haka Turawa suka ƙera ta.

Da gaskiyarsa, kuma an san Turawan. A 1984 wani injiniyan hukumar gidan waya ta Jamus mai suna Friedhelm Hillebrand, tare da takwaransa Bafaranshe Bernard Ghillebaert, suka kawo shawarar a sa ɗan gajeren saƙon rubutu cikin sabon tsarin wayar hannu da ƙasashen Turai suke shiryawa, wanda ya zama GSM. Dabararsu ita ce kada a gina wa saƙon hanya tasa. Kowace wayar hannu tana da wata siririyar hanya da take raɗa da turken sadarwa: ga ni nan, ga kira yana zuwa, an ɗauka, an ajiye. Hanyar ba ta cika cunkushewa ba, sai suka ce a liƙa saƙon a nan.

Mutumin Ungogo ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Lokacin da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka yi nazarin gundumar Ungogo a farkon shekarun 1960, abin da ya riƙe gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu shi ne jaki. Ya shiga birni da itace ko hatsi, ya dawo da taki a mangala. Dawowar dole ce ko da kaya ko babu, don haka takin kamar kyauta ya hau. Amma ba mai ɗaukar takin ne ke yanke yawansa ba, mangalar ce. Haka saƙon waya yake. An ɗora shi a kan jakin da dama zai wuce, kuma da aka cire abin da adireshi da sauran bayanan hanya za su ci, gurbin da ya rage masa bayit 140 ne.

Bayit ɗaya ƙwaya takwas ne na abin da ake kira bit, wato ɗigon lantarki da ba ya faɗin komai sai e ko a'a. Bayit 140 ƙwaya 1,120 ke nan. In ka ba kowane harafi ƙwaya takwas, haruffa 140 za su shiga. In ka matse shi ya zauna a bakwai, 160 za su shiga. Abin da ya rage shi ne a gamsar da kwamiti cewa 160 ta ishi mutum ya faɗi abin da ke ransa. Hillebrand ya ba da labarin yadda ya zauna a gidansa a Bonn a 1985, ya yi ta buga jimloli a tafireta yana ƙirgawa, ya ga kusan duk ba su kai 160 ba. Aka duba katunan gidan waya da saƙonnin teles, aka ga yawancinsu ma ba su kai 150 ba. Magana ta zauna. Ranar 3 ga Disamba 1992 aka tura saƙon farko a Ingila, kalma biyu ta barka da Kirsimeti.

Ina ma a ce akwai Bahaushe a ɗakin nan na Bonn. Wasiƙarmu ba ta fara magana sai ta yi sallama, ta yi gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ta yi fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan. Na ƙirga wannan shimfiɗar, ta haura haruffa 100, kuma ba a tambayi iyali ba tukuna. Wanda ya auna mudun da jimlolin da ba su da gaisuwa ya auna shi.

Amma ba 160 ɗin ce ta ci kuɗin Kawu ba, ƙwaya bakwai ɗin ce. Ƙwaya bakwai ba ta iya bambanta fiye da alama 128. Gida ne mai ɗaki 128, kuma masu gidan suka raba ɗakunan. Bayan baƙaƙen Latin manya da ƙanana da lambobi da alamomin rubutu, Jamusawa suka sa nasu masu ɗigo biyu a ka, Faransawa suka sa wasu daga masu kwalliyarsu, mutanen Sifen da na Denmak da Suwidin suka samu, Girkawa suka samu manyan baƙaƙe goma. Fam na Ingila ya shiga, dala ta shiga, har yen na Japan. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Alamar naira ma ba ta ciki, kuma duk wanda ke samun alat na banki ya saba ganin NGN ko N tsirara a gaban kuɗinsa.

In ka rubuta harafin da ba shi da ɗaki a gidan, waya tana da zaɓi biyu. Ko ta mayar da shi alamar tambaya, shi ya sa wani lokaci za ka ga an turo maka "?asa" ko "?aki". Ko kuma ta sauya tsari ta koma na Unicode, wanda ya san ƙugiyoyinmu tun farkon shekarun 1990, amma yake ba kowane harafi ƙwaya 16. Matsalar ita ce ba a haɗa tsarin biyu a saƙo ɗaya. Ƙ guda ta shiga, duk sauran haruffan sai su koma cin 16, har tazara. Raba 1,120 gida 16, ka samu 70. In saƙo ya haura shafi kuma, kowane yanki sai ya ba da bayit 6 don lambar da za a sake ɗinke su da ita a wayar mai karɓa, sai 70 ta koma 67. Gayyatar Kawu mai haruffa 152 ta zama 67, da 67, da 18. Shafi uku. Naira 12.

Mai rubutun ajami ma hukuncinsa ke nan, 70. Har waƙafin sama na 'yan da 'ya'ya yana iya jawo wannan tara in ya zo a lanƙwashe, kamar yadda yake fitowa idan an kwafo rubutu daga kwamfuta, don miƙaƙƙen ne kaɗai ke da ɗaki. Kuma ba wai gidan ba ya faɗaɗuwa ba ne. Daga baya an ƙara teburan haruffa na musamman don Turkanci da Sifananci da Fotugis, sannan harsuna goma na yankin Indiya, su Hindi da Tamil da Urdu. Babu harshen Afirka ko ɗaya a jerin.

A nan ya kamata bincikena ya tsaya. Amma na riga na kamu da son sanin masu sassaƙa mudu, sai na bi zuriyar abin baya, na tarar abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Kafin intanet ta zama ta kowa, akwai abin da za mu kira allon sanarwa na kwamfuta. Mutum zai ajiye kwamfuta a ɗakinsa, ya haɗa ta da layin tarho ta na'urar modem, wadda ke mayar da rubutu ƙara ya bi waya. Wasu su bugo da tasu kwamfutar, ɗaya bayan ɗaya, su karanta abin da aka bari, su bar nasu. Ward Christensen da Randy Suess ne suka kafa na farko a Chicago a watan Fabrairun 1978. A 1984 Tom Jennings ya rubuta manhajar da ta sa allunan suka fara aika wa juna wasiƙu, aka kira tsarin FidoNet. Cikin dare, lokacin da kuɗin tarho ya sauka, kwamfutoci su kira juna su miƙa ƙunshin wasiƙu, wannan ta ba waccan, waccan ta ba ta gaba, kamar yadda ake ba direba saƙo a tasha ya ba wani direban a gari na gaba.

Takardar ƙa'idar FidoNet, wadda Randy Bush ya rubuta, ta yanka wa komai iyaka. Sunan mai aikawa bayit 36, na mai karɓa 36, kan magana 72, kuma a kowanne gurbin ƙarshe na alamar rufewa ne. Jikin wasiƙar kuwa, takardar ta ce ba shi da iyaka. Amma masu amfani da tsarin sun san ba haka abin yake a aikace ba. Mutum zai rubuta doguwar wasiƙa, ta bar hannunsa cikakkiya, ta isa da yankakkiyar wutsiya, ko ta ɓace a hanya, ko ta sumar da kwamfutar wani bawan Allah yana barci. Ƙa'ida ta ce babu shinge, amma kullum ana cin karo da shi.

Shingen yana cikin ƙarfen. Kwamfutar IBM ta 1981 da duk masu kwaikwayonta suna aiki ne da ƙwaƙwalwar Intel mai duba ma'ajiyarta yanki-yanki, kowane yanki bayit 65,536, don iyakar abin da ƙwaya 16 za ta iya ƙirgawa ke nan. Gaba ɗaya filin da tsarin DOS ya bar wa manhaja kilobayit 640 ne. Mai rubuta manhajar rarraba wasiƙu, wanda sau da yawa ɗalibi ne ko ma'aikacin da ke yi don sha'awa bayan an tashi aiki, dole ya keɓe kwanon da zai zuba kowace wasiƙa a ciki kafin ya miƙa ta gaba. Wani ya keɓe kilobayit 16, wani 32, mai ƙarfin hali ya kai kusa da 64, kowa yana ganin ba mai hankalin da zai rubuta abin da ya fi haka. Wasiƙa kuma hannu da yawa take bi. Ko da taka manhajar tana da faɗi, ta mai karɓa ma haka, in akwai ƙaramin kwano guda a tsakiya, shi ke yanke hukunci. Burtali ne tsakanin gonaki: ba faɗinsa a bakin gari ake dubawa ba, inda masu gona suka fi cinye shi nan amalanke ke maƙalewa. Shi ya sa mutanen wancan zamani suka saba yanka dogon rubutu da hannunsu, su sa masa ɗaya cikin biyar, biyu cikin biyar, su tura. Abin da wayata ta yi wa gayyatar Kawu ke nan, sai dai ita ba ta yi shawara da kowa ba.

Akwai wanda ya fi wannan matsi. Tsarin QWK, wanda Mark Herring ya fitar a 1987 don mutum ya kwashe wasiƙunsa ya ajiye tarho ya karanta a natse, haruffa 25 kacal ya bar wa suna. Na gwada da sunan Firayim Ministanmu na farko har da Alhajinsa. Abin da ya shiga shi ne "Alhaji Abubakar Tafawa Ba". Ga yanka, ga kuma ƙugiyar Ɓalewa da dama ba ta da wuri a haruffan kwamfutocin lokacin.

Wannan ba labarin Amurka kaɗai ba ne. FidoNet ta raba duniya shiyya shida, Afirka ce ta biyar. A farkon shekarun 1990, lokacin da layukan tarhon nahiyar ba za su iya riƙe haɗi na awa guda ba, wannan tsari na tara-ka-miƙa shi ya ɗauki imel na ƙungiyoyi da masu bincike da yawa. Ƙungiyar GreenNet da ke Landan tana da wata kwamfuta mai suna GnFido da ke musayar ƙunshi da cibiyoyi irin su MANGO a Harare, ELCI a Nairobi, ENDA a Dakar da PADIS a Addis Ababa, ta zuba wasiƙunsu cikin intanet ta kwaso musu amsa. Kowane minti na kiran ƙasar waje kuɗi ne mai nauyi, don haka nauyin wasiƙa ake aunawa a caji mutum, kuma wanda ya turo maka dogon surutu ya ja maka asara. A Nijeriya, Kwalejin Fasaha ta Yaba tana cikin wuraren da imel ya fara sauka, ta wani shirin UNESCO mai suna RINAF, kuma a 1995 aka damƙa wa Misis Odusote ta kwalejin kula da sunan ƙasar a intanet, wato .ng. Wanda ya riƙe ɓangaren fasaha na sunan na wasu shekaru daga baya shi ne Randy Bush ɗin nan da ya rubuta cewa jikin wasiƙa ba shi da iyaka.

Lambar nan 65,536 kuwa ba ta mutu da zamaninta ba. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon gwajin korona na mutum kusan 16,000 ya zube bai shiga lissafi ba, saboda ana tara shi a wani tsohon tsarin Excel da ba ya wuce layi 65,536. Su ma wutsiyar jeri ce ta faɗi. Da na karanta labarin na ɗan ji sanyi a raina, Allah ya yafe min.

Duk wannan zamani na modem ya wuce ta saman ƙauyen Kawu bai sauka ba. Kafin 2001 layukan tarhon NITEL a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mai lamba 064 a Kano sananne ne a unguwarsu. Mutumin Rangaza ko Fanisau in yana da saƙo, yaro yake tasa, ko ya ba direba, ko ya aika katin gaisuwa gidan rediyo. In ɗan'uwan yana Makka ko Sudan, a ɗauki murya a kaset a ba alhaji. Kaset ma yana da iyaka, amma iyakar a fili take, kana kallon zaren yana ƙarewa. Wanda ya taɓa buga tangarahu a gidan waya shi ma ya san kalma-kalma ake biya, ma'aikaci ya ƙirga a gabansa. Da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, sai ga wani mudu da ba a ganin gindinsa ya shigo aljihun kowa. Zuwa 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, har takin gwamnati ta saƙon waya ake sanar da manomi ya je ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Dattijon da bai taɓa rubuta wasiƙa ba ya koyi adana saƙo kamar takardar gona.

Na daɗe cikin masu zagin rubutun yaran yanzu: slm, ykk, lfy, ngd, gsky. Mukan ce lalaci ne, sun kashe Hausa. Yanzu na sassauta. Wanda ya tashi yana biyan kuɗin shafi, kuma gaisuwa kaɗai tana cin kashi biyu cikin uku na shafin, ko dai ya bar gaisuwar ko ya matse ta. Yaranmu matse ta suka yi, ba su yar ba. "Slm ykk ya gida" gaisuwa ce cikakkiya da aka naɗe ta shiga mangala. Hatta Twitter da aka buɗe a 2006, haruffa 140 ɗinta daga nan ta gado su: 160 ne aka cire 20 don sunan mai magana, kuma sai a 2017 ta ninka su.

Ƙugiya kuwa ba zan ɗora wa Hillebrand duk laifinta ba. Tun da aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, zamanin Rupert East a hukumar talifi ta Zariya, suke fama da injinan da ba don su aka ƙera ba. Tafiretocin ofis ba su da su, sai dai a bi da biro. Littattafai da yawa na kasuwar Kano haka aka buga su ba ƙugiya. Wayoyin farko ma babu maɓallin da za ka danna ƙ ta fito, don haka ba a fara cin tarar ba sai da manyan wayoyi suka kawo allon rubutu mai Hausa. Wato ranar da aka ba mu harafin, ranar aka fara cajinmu ninki uku a kansa. Mai karatu kan gane abin da ake nufi ko babu ƙugiya, in maganar ta zo da 'yan rakiyarta. Amma "ya bata kudin" ta taɓa raba kan mutane a gabana, rabi suna cewa ya ba ta, rabi suna cewa ya ɓata, kuma mai kuɗin yana tsaye.

Da na haɗa bayanin duka na koma wa Kawu da shi. Na same shi a bakin gona yana kallon yara suna sauke taki, yanzu a baro da Keke Napep, jakin ya zama na ɗaiɗaiku. Na gaishe shi, na tsuguna, na nuna masa lambar lungu tana faɗowa daga 156 zuwa 66. Ya ce in sake. Na sake. Na ba shi labarin Bonn da ɗaki 128, ya saurara yana sakace.

Ya ce, "Wato da ka rubuta daurin aure, da Zubairu ya zo."

Na ce, "Da ya zo, Kawu. Har canji za ka samu."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Dauri ai na jarirai ne. Ni aure na ɗaura." Ban gane ko wanke ni ya yi ko ƙara tuhumata ba, kuma ban tambaya ba. Ya ce tunda na iya bayani haka, in je Bachirawa in yi wa gwaggo.

Na je ranar wata Juma'a da leda cike da lemo. Ta bar ni na gama tsaf, har lissafin 67 da 67 da 18. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "To sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Shi Bajamushen ne kuma ya riƙe ƙafar kawun naka ya hana shi takowa ya gaya min?"

Bana ya aurar da ta biyu. Yana da babbar waya yanzu, jikokinsa sun sa masa WhatsApp, yana iya tura murya kyauta ga duk wanda ya so. Bai yi ba. Ya sayi goro ƙwarya biyu, ya cika wa wani yaro tankin babur, ya ba shi jerin sunaye a takarda, ya ce ya fara daga Zubairu.